Perkins 4.236 da ya ƙi kawo matsin baƙin mai: rajistar aikin sake haɗa injin janareto

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Injin ya iso gareji a warwatse. Bulo, wato gangar jikin injin, a kan tsohuwar taya, kan silinda a cikin buhu, karanshaf a naɗe da tsumma, sauran tarkacen kuma a bokiti uku da wani rabin duro da aka wanke kaya a ciki, har da dattin wankin a ƙasansa. Wani makanike ne ya kwance shi wata huɗu da suka wuce, aikin ya tsaya, mai injin ya kwaso kayansa.

Lambar da ke jikin bulo ta fara da LD, wato Perkins 4.236 ne marar turbo. Silinda huɗu, lita 3.86, faɗin silinda milimita 98.43, tafiyar fistin milimita 127, jerin tashin wuta 1-3-4-2. Tun 1964 kamfanin da ke Peterborough a Ingila ya fara ƙera shi, kuma irinsa ne a cikin taraktocin Massey Ferguson da yawa, shi ya sa kayansa ba sa wuyar samu. Amma a kula da bambanci ɗaya tun yanzu. Na tarakta yakan zo da na'urar rage girgiza a ƙarƙashin karanshaf, famfon baƙin mai yana jikinta. Wannan na janareto ba shi da ita: famfonsa a kan murfin babban metal na farko yake ɗaure (metal shi ne siririn ƙarfe mai santsi da karanshaf ke juyawa a kai). Wanda ya je sayen kayan ƙasan inji bai faɗi wannan ba, zai dawo da abin da ba zai shiga ba.

Ƙorafin mai injin kafin a kwance shi: shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai kusan lita ɗaya a awa goma, da wahalar tashi da safe. Dalilin bai ɓuya ba. Tiyon iska da ke tsakanin filta da inji ya tsage ta ƙasa, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa, kuma cikinsa duk jar ƙura ce. Injin ya daɗe yana shaƙar ƙasa.

Laraba, 15 ga Janairu

Ƙirga da awo. An shimfiɗa kwali a kan tebur, an jera kowane abu bisa hoton littafin kaya. Abin da bai cika ba: fegi mai rami guda ɗaya daga cikin goman da ke saita murafun babban metal, noti uku na bututun salansa, da kuma tamostat, wanda gidansa ya zo fanko. Washar tagulla ta nozul da 'yar robar bututun da ke kai mai ga roka (ƙarafunan da ke danna bawul) su ma babu, amma dama sababbi ake sakawa, suna cikin kwalin gasket.

Fegin ya fito. An ɗaura maganaɗisun tsohuwar lasifika da waya aka ja shi cikin dattin duro, ya fito da fegin, da washa shida, da ɗan guntun ringi. Ba a ɗaure murfin metal babu wannan fegi. Shi ne ke zaunar da murfin daidai inda aka huda shi tare da bulo a masana'anta. In babu shi murfin na iya karkacewa da abin da ido ba ya gani, metal ya ci gefe ɗaya.

Tamostat kuwa da gangan aka cire shi, kamar yadda aka saba yi da sunan ƙasarmu akwai zafi. Za a mayar. Injin da ruwansa ba ya kaiwa zafin aiki ba ya ƙone gas sosai, abin da bai ƙone ba yana wanke man jikin silib (bututun da fistin ke gudu a ciki) ya gangara cikin baƙin mai.

Awon karanshaf da maikuromita: mazaunan babban metal sun ba da milimita 76.09 zuwa 76.12, alhali sabo 76.16 zuwa 76.18 ne. Mazaunan konrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) sun ba da 63.41 zuwa 63.44, sabo 63.47 zuwa 63.49. Akwai zane-zanen ƙasa da farce ke kamawa. Sai an yanka. Silib huɗu duk sun yi gaɓa a sama inda ringin farko ke tsayawa, sababbi za a saka. Tsofaffin metal sun goge har jan ƙarfe ya leƙo a biyu daga ciki, amma babu wanda ya narke, babu wanda ya juya a mazauninsa.

Famfon baƙin mai an buɗe shi, an auna tsakanin ƙarafunan da ke juyawa a ciki da fila geji, yana nan lafiya. Gidan bawul ɗin rage matsi ya zo a haɗe, a wanke tas, da fin ɗinsa mai baki biyu a lanƙwashe. An yi masa alamar "ya cika" aka ajiye gefe.

Asabar, 18 ga Janairu

Bulo da karanshaf da kan silinda sun tafi wurin masu yanka. Umarnin da aka ba su a rubuce: a yanka karanshaf 0.25 sama da ƙasa, abin da ake kira ten-ten, a bar lanƙwasar da ke gindin kowane mazauni yadda take, domin kusurwa mai kaifi a nan ita ce mafarin karyewa. A danna sababbin silib, waɗanda busassu ne, ruwa ba ya taɓa su. A gyara mazaunan bawul, a canza gayid, wato bututun da sandar bawul ke zamewa a ciki. Injekta, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul, da nozul huɗu sun tafi wurin mai gwajinsu, a saita su bisa lambar da ke jikinsu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kaya sun dawo. Karanshaf ya ba da 75.92 a manya, 63.23 a ƙanana. Kafin komai an wanke ramukan mai na cikinsa da siririn buroshi da kananzir har sai da farin tsumma ya daina baƙi. Garin dutsen yanka yana maƙalewa a waɗannan ramuka, kuma shi ne abu na farko da mai zai kai wa sabon metal. Haka aka yi wa babbar hanyar mai da ta ratsa tsawon bulo, aka tabbatar toshiyarta tana nan daram.

Hunturu ya kankama, iska cike da ƙura. An rufe ƙofar ɗakin haɗi, an yayyafa ruwa a ƙasa, kuma duk abin da aka wanke yana ƙarƙashin leda har lokacin saka shi.

An zaunar da metal na sama, an shafa mai, an kwantar da karanshaf. Washar da ke hana shi tafiya gaba da baya a babban metal na tsakiya take, guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa, fuskar mai tsagi tana kallon karanshaf. An gwada tazarar mai da Plastigauge (siririn zaren roba na awon tazara) a kowane mazauni, ta ba da 0.07 zuwa 0.08. Murafu sun ɗauru a Nm 244 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne), daga na tsakiya zuwa waje, ana juya karanshaf da hannu bayan kowane murfi. Wasan gaba da baya 0.18, iyakarsa 0.05 zuwa 0.38. Ƙarfen gadar da ke rufe murfin baya an daidaita shi da fuskar bulo da miƙaƙƙen ƙarfe kafin a matse, in ba haka ba sil ɗin baya zai riƙa ɗiga.

Asabar, 25 ga Janairu

Fistin huɗu sun shiga. Alamar gaba tana kallon wajen fanka, lambobin konrod suna ɓangaren injekta, bakin ringi a warwatse kada su yi layi ɗaya. Notin konrod iri biyu ne a wannan inji, kuma awonsu ba ɗaya ba ne: masu ƙyalli Nm 102, baƙaƙe Nm 129. Namu baƙaƙe ne, sababbi.

An ɗaura famfon mai a murfin farko, an cika shi da mai tukuna, an duba wasan haƙora tsakanin ƙaramar giyarsa da ta karanshaf. Bututun tsotso da ragarsa, sabon gasket a bakinsa. Bututun da ke kai mai daga famfo zuwa gidan bawul ɗin rage matsi. Gidan bawul ɗin kansa an ɗaure shi a ƙasan bulo yadda ya zo.

Giyoyin gaba: ta karanshaf, ta tsakiya, ta kamshaf, ta injekta, alamominsu duk sun haɗu fistin na ɗaya yana sama. Giyar injekta tana da fegi ɗaya da noti uku, ba ta shiga sai ta hanya ɗaya. An rufe kaskon mai na ƙasa, wanda ake kira botom filet.

Talata, 28 ga Janairu

Kan silinda ya hau, Nm 136, a zagaye uku daga tsakiya. Sandunan tura bawul, sannan sandar roka, an tabbatar bututun man sandar ya shiga raminsa da sabuwar roba. Tazarar bawul 0.30 inji a sanyaye, ta shiga da ta fita duka. Idan bawul ɗin na huɗu suna musayar hannu a saita na ɗaya, na biyu a saita na uku, na ɗaya a saita na huɗu, na uku a saita na biyu.

An mayar da injin kan firam, an haɗa shi da janareto, lagireto, sabon tiyon iska, tamostat mai lamba 82. Baƙin mai 15W-40, lita 8 har alamar sama, filta a cike. Ba a saka nozul ba tukuna.

Laraba, 29 ga Janairu

Ƙa'idar ita ce sabon haɗi ba ya tashi sai an ga matsin mai. An cire suwic ɗin mai daga jikin bulo aka ɗaura geji na hannu a wurin. Nozul a waje, don haka babu matsi a silinda, inji na juyawa sakayau kuma metal ba ya ɗaukar nauyi. Kik na daƙiƙa 15, hutun minti ɗaya. Inji mai lafiya allura takan motsa a zagaye na biyu ko na uku.

Zagaye shida, allura ba ta ko girgiza ba. An buɗe murfin roka, a bushe. Aka tsaya nan. Man da aka shafa lokacin haɗi yana da iyaka, ci gaba da buga kik cin sabon metal ne kawai.

Ɗaya daga cikin yaran gareji ya ce, "Oga, a saka nozul a tayar mana, in ya yi gudu zai jawo man." Shawara ce da ake yawan ji, kuma ta kashe injuna da dama. Janareto ba shi da tafiyar hawainiya: yana tashi gwamna, wato na'urar daidaita gudu, zai kai shi juyi 1500 a minti. Minti ɗaya a haka babu mai ya isa a sake komawa wurin masu yanka.

Alhamis, 30 ga Janairu

An fara da abin da ya fi sauƙi. An gwada gejin da iskar kwamfaresa, yana karatu daidai. An zura waya a ramin da aka ɗaura shi, ba a toshe yake ba.

Daga nan aka cire filta aka buga kik. Mai ya fito ta ramin da ke kawo shi daga famfo, wato famfo yana tsotsa kuma giyarsa na juyawa. Amma yadda ya fito shi ne abin lura. Bulbulowa yake yi a hankali kamar randa ta cika ta tumbatsa. An ɗora babban yatsa a bakin ramin, sai man ya tsaya cak, ba wani turi. Irin wannan famfo abin da ya ɗebo dole ya fita ta wani wuri. In hanyarsa ɗaya ce, yatsa ba ya iya tare shi, zai fesa ta gefe har gaban riga. Tunda yatsa ya tare shi, man yana da wata mafita da ta fi wannan sauƙi.

Sai a gano ko mafitar tana gaban filta ne ko bayanta. An ɗauko tsohon tulun kashe gobara da aka riga aka gyara don wannan aiki, mai bawul ɗin taya a sama da tiyo a ƙasa. An zuba masa mai lita 2, an ba shi iska ba 2 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), an mayar da filta, an haɗa tiyon da babbar hanyar mai. Matsi ya tsaya a 1.8, yana sauka sannu a hankali, tulun bai ƙare ba sai bayan minti huɗu da wani abu. Ana juya inji da hannu, sai ga mai ya tsattsafo a roka takwas ɗin duka. Man roka daga mazaunin kamshaf na tsakiya yake zuwa, kaɗan-kaɗan, shi ya sa sai an juya ake ganinsa.

Wannan gwaji ya wanke abubuwa da yawa lokaci guda. Da toshiyar babbar hanya ce ta faɗi, ko wani metal ya yi sako-sako, ko cibiyar giyar tsakiya ba ta zauna ba, da tulun ya zube cikin daƙiƙu. Amma akwai inda gwajin bai leƙa ba. Wannan filta tana da 'yar roba a bakinta da ke hana mai komawa baya, don haka man tulun bai taɓa shiga ɓangaren famfo ba. Abin da ya rage ke nan: famfon, bututunsa, da bawul ɗin rage matsi. Duk ukun suna cikin kasko.

Zaton da ya fi ƙarfi a yau shi ne filanjar bawul ɗin, wato guntun ƙarfen da ke buɗe shi yana rufe shi, ta maƙale a buɗe saboda datti.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An tsiyaye mai a tsabtataccen galan ta cikin farin ƙyalle. Babu ƙyallin ƙarfe. An ɗaga injin kaɗan daga firam aka sauke kasko.

Bututun tsotso a matse, gasket ɗinsa lafiya, babu tsaga. Giyar famfo tana riƙe da sandarta, ba ta zamewa. Bututun da ke fita daga famfo a ɗaure. Da ido komai daidai.

An juya gwajin tulu. A wannan karon an cire filta aka tura mai ta ramin shigowa, ya bi hanyar a baibai zuwa ƙasa. Ana buɗe famfon tulun, mai ya zubo daga gefen gidan bawul ɗin rage matsi, kauri kamar ɗan yatsa, kai tsaye cikin tiren da aka tara. Allurar tulun ta faɗi kafin a ƙirga goma.

An kwance gidan aka ɗora a tebur. Da aka girgiza shi sai ya yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. An danna hular da ke bayan fin da ƙaramin sukudireba, ta shige ba tare da wani turi ba. An miƙe fin ɗin aka zare, hula ta fito, sifirin ya fito, aka kifa gidan a tafin hannu. Babu komai. Ramin fanko ne har ƙarshe, ana hango haske ta ramin zubarwa. Filanja ba ta maƙale ba, babu ita gaba ɗaya.

Aikin wannan bawul mai sauƙi ne. Filanja guntun ƙarfe ne mai santsi da ke zamewa a cikin rami, sifirin na tura ta ta rufe wani ramin gefe da ke komawa kasko. Idan matsi ya kai ba 3.4 zuwa 4.1 sai ya rinjayi sifirin, filanja ta ja baya, rarar mai ta zube. Idan babu filanja, ramin gefen a buɗe yake koyaushe. Shi kuwa yana ƙasa, kusa da famfo, alhali hanyar filta hawa ce kuma akwai takardar tacewa a gaba. Mai zai bi inda ya fi masa sauƙi.

Shin da haka injin yake aiki tun kafin a kwance shi? A'a. Tsofaffin metal sun nuna cin ƙasa ne, ba ƙunar rashin mai ba, kuma cikin ramin akwai sheƙin inda filanja ta daɗe tana gogawa. A wurin wanki ta salwanta, aka mayar da sifirin da hula da fin a kan rami fanko. An sake jan maganaɗisu a cikin duro da bokitai, ba ta fito ba.

Kuskuren wannan aiki a ranar 15 ga wata yake. An ƙirga gidan a matsayin abu ɗaya, alhali a littafin kaya abu biyar ne: gida, filanja, sifirin, hula, fin. An buɗe famfo an auna shi saboda ana zarginsa da lalacewa, shi kuwa gidan bawul tsabtarsa ce ta sa aka wuce shi. Ga injin da wani hannu ya kwance, tsabta alama ce ta cewa an buɗe abin. Danna hular nan da sukudireba ba ya cin daƙiƙa biyar, kuma da an yi shi a ranar da an ji babu turin sifirin.

Tunda kasko na ƙasa, an buɗe konrod na huɗu da babban metal na biyar, waɗanda suka fi nisa da famfo. Fuskarsu na nan da danshin mai, babu zane. An mayar, da sababbin noti a konrod ɗin. Saboda wannan ne aka bi ta kowane abu da ya zo a haɗe: sandar roka an duba toshiyar bakinta biyu, kan filta an buɗe, ƙaramin famfon gas an buɗe. Duk sun cika.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An kawo shawarwari uku na cike gurbin, biyu ba su karɓu ba.

Ta farko, a jefa ƙwallon boris mai girman ramin. Akwai injunan da bawul ɗinsu ƙwallo ne, amma an yi musu mazauni mai gangare da ƙwallon ke zama a kai. Wannan gida ba shi da shi. Da jikinta filanja ke rufe ramin gefe, ƙwallo kuwa a layi ɗaya siriri yake taɓa bango, mai zai bi ta gefensa. Sannan tsawonsa bai kai na filanja ba, don haka sifirin ba zai matsu yadda ya kamata ba.

Ta biyu, a kai wa mai injin fiƙe ƙarfe ya fitar da wata. Ramin ya ba da 14.26. Ana bukatar tazarar da ba ta wuce kaurin gashi ɗaya ko biyu ba, da fuska mai santsi, da ƙarfe mai tauri. In ta yi sako-sako matsi zai zube idan mai ya yi zafi. In ta matse za ta iya kamewa a rufe, kuma wannan ya fi muni: da sanyin safiya matsi zai hau har ya kumbura filta ko ya fasa robarta, man inji ya ƙare a ƙasa cikin minti ɗaya. Ga shi kuma babu ta asali a hannu da za a kwafi tsawonta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ta uku ita ce a nemo cikakken gida daga wani inji irinsa. Ita aka ɗauka.

Talata, 4 ga Fabrairu

An samo a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, daga wani 4.236 na janareto da bulonsa ya fashe. An je da tsohon gidan a hannu aka gwada ramukan noti da bakin bututu, aka zare fin a gaban mai kaya kafin a biya. Filanjar ta ba da 14.20, babu gaɓa, babu tsatsa. A cikin gidanta, da ɗan mai a jiki, tana zamewa da nauyin kanta idan aka karkata. An bar ta a gidan da ta saba da shi. Sifirin biyu an jera su a kan gilashi, tsawonsu ɗaya, aka ɗauki wanda ya zo da ita. Sabon fin.

Gwajin tebur: an toshe mafitar gidan da farantin ƙarfe da gasket, an tura mai daga tulu ana ƙara iska kaɗan-kaɗan. Har ba 3 ɗigo ne kawai. A 3.7 ramin gefe ya buɗe. An sauke iska ya rufe. Sau biyar ana maimaitawa, amsa ɗaya.

Ba a saka washa a bayan sifirin ba, ko da yake an ba da shawarar hakan don "ƙara ƙarfi". Washa tana ɗaga inda bawul ke buɗewa ne kawai. Ba ta ƙara komai idan mai ya yi zafi matsi ya sauka ƙasa da wurin, sai dai ta wahalar da filta da safe.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An ɗaura gidan, an maimaita gwajin baibai kafin a rufe kasko: ba 2, babu zuba. Sabon gasket, kasko ya hau, mai ya koma, an sake cika babbar hanya da tulu.

Kik na farko, daƙiƙa 9, allura ta tashi. A na biyu ta kai 1.6. Roka na jiƙe.

Nozul sun shiga, kowanne da washar tagulla ɗaya tak, an duba ramin kada tsohuwa ta maƙale a ciki. Layin da ke jikin injekta ya yi daidai da alamar gidan giya. An fitar da iska daga kan filtar gas, sannan sukurori biyu na jikin injekta, sannan aka sassauta bututun nozul biyu aka buga kik har gas ya fito babu kumfa.

Ya tashi a bugu na biyu. Matsin mai ba 4.0 cikin daƙiƙa uku, ya tsaya a nan, alamar bawul ɗin yana buɗewa yana zubar da rara. Farin hayaƙi na minti biyu sannan ya washe. Mitar zagayen wuta ta nuna Hz 51.5 babu lodi. An bar shi minti 15 ana zagaya shi da tocila, ɗigo ɗaya aka samu a bututun gas mai komawa tanki, aka matse.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwajin lodi. Ba a barin sabon ringi yana gudu fanko na tsawon lokaci, silib zai yi santsi ringi ya kasa zama, shan mai ya dawo. Farantin janareton ya ce kVA 40, wato kilowat 32. Da hita ake gwajin, don haka cikakken lodin injin yana wajen amfiya 44 a kowane layi, ba 55 da ke rubuce a farantin ba.

Amfiya 11 na rabin awa: zafin ruwa digiri 78, matsin mai 3.8. Amfiya 22 na awa ɗaya: ruwa 82, mai 3.5. Amfiya 33 na awa biyu: ruwa 85, mai ya sauka 3.2 ya tsaya a nan, mita 50.2. Littafi ya ba da 2.1 zuwa 4.1 ga inji mai zafi a cikakken gudu. Bututun numfashin inji yana fitar da ɗan tururi a awar farko, zuwa ta uku ya ragu sosai.

An kashe shi da zafinsa, an cire roka, an sake bin notin kan silinda a Nm 136. Huɗu na tsakiya sun ɗan motsa. Da ya huce aka mayar da tazarar bawul 0.30. An gwada suwic ɗin da ke kashe inji idan mai ya faɗi, domin an tarar da wayarsa a yanke an naɗe da salatif. An haɗa ta, an taɓa ta da jikin inji yana gudu, ya mutu nan take.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Tashin safe cikin sanyi, bugu ɗaya. Mai 4.0, bayan awa ɗaya a amfiya 33 ya koma 3.2. Sandar awo ba ta nuna raguwa ba, ƙasan inji a bushe. Gobe za a mayar da shi wurin aikinsa. An rubuta a jikin murfin akwatin mita: canjin mai da filta a awa 50, a yanka tsohuwar filtar a duba takardarta, a sake duba tazarar bawul, kuma kada lodi ya wuce amfiya 35 kafin lokacin.